Ranar da Muka Shigar da Mota Hanyar Keke

A shekarata ta uku a Kuala Lumpur likitan jami'a ya auna jinina sau biyu a zama ɗaya, sannan ya ce in nemi abin da zan riƙa motsa jiki da shi, ko kuma in ƙarasa digirin a gadon asibiti. Sai na sayi keke na hannu, irin mai naɗewar nan da ake iya shiga mota da shi. Sati biyu na yi ina gwada shi a titunan Pantai Dalam, inda muke haya ni da maiɗakina, na gane cewa idan hawan jini bai kashe ni ba to masu babur za su yi. Rannan a wani shataletale wata bas ta matse ni jikin dakali har sai da na karanta addu'ar da ban san na haddace ba.

Ga kuma 'yan'uwana ɗalibai. Mu mutanen gida a can, keke a wurinmu abin hawan wanda duniya ta juya wa baya ne. Idan na iso sallar Juma'a ina naɗe shi a bakin masallaci sai ka ji wani ya ce, "Malam, allowance ɗin ne bai shigo ba? Ka faɗa mana mu yi contribution." A yi ta dariya. Ni ma ina dariyar, amma tana yi mini ciwo.

Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ne ya ba ni labarin hanyar. Tana arewa da birni, wajen gonakin shinkafa na kusa da teku, tafiyar kamar awa biyu a bas. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ya ishe su abin da muka yi musu. Hanyar tana farawa ne daga bayan wani ƙaramin masallaci, surau suke ce wa irinsa. A bakinta an kafa turaku biyu na katako, an bar tsakani daidai wucewar keke ko babur ɗin manomi. Daga nan sai siririyar kwalta ta bi gefen kanal ta miƙe, shinkafa dama, shinkafa hagu, balbelu suna tashi a gabanka. Idan ka bi ta har ƙarshe, ta ratsa ƙauyuka uku ta kai ka bakin teku, kusan rabin yini kana taka feda ba ka ji hon ɗin mota ko sau ɗaya ba. Ranar da na fara binta, a wani wuri sai na tsaya na sa ƙafa a ƙasa don kawai in saurara. Ruwa ne ke gudu a kanal, sai ƙarar sarƙar kekena da ta daina. Na daɗe rabon da in ji kaina ya yi sanyi haka.

Amma hanyar tana da wani tsakiya wanda ba na gwamnati ba ne. Inda kwaltar ta ƙare, sai a hau jingar wani tsoho, wato tudun ƙasar da ya tare ruwan gonarsa da shi, a bi ta bayan gidansa, a haye wata gadar katako, sannan a sake samun kwalta a ƙauye na gaba. In babu jingar nan, sai dai ka fita babban titi ka yi gogayya da manyan motoci.

Ni ɗan manomin shinkafa ne, a gefen kanal na tashi. Don haka ranar farko da na iso jingar na ga an yi ruwa da safe ƙasa ta jiƙe, sai na sauka na tura keken a hannu, ina bin tsakiya. Ba wayo ba ne, dukan da na sha a kan taka jinga ɗanya ne bai bar jikina ba. Ashe tsohon yana zaune a ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa yana kallona. Ya yafito ni. Da guntun yaren Malay ɗina da hannu da ido muka fahimci juna: ya tambaye ni me ya sa na sauka, na ce ubana ma shinkafa yake nomawa. Ya yi dariya har na ga sauran haƙoransa, ya sare kwakwa ya miƙo mini. Tun daga ranar yake ce mini Cikgu, wato malam, ni kuma ina ce masa Pak Cik, kamar dai a ce kawu.

A zaman da muka riƙa yi daga baya ne ya gaya mini cewa mutanen ƙauyen sun daɗe suna so a rufe hanyar. Masu kekuna daga birni sun yi yawa, wasu suna yar da robobi a kanal. Shi ne yake tsayawa a taronsu ya ce a bar su, ai keke ba ya cin ƙasa. Ya ce muddin ba a yi masa ɓarna ba, jingarsa a buɗe take. Na ji wannan magana da kunnena, na fahimce ta sarai, ba zan ce yare ne ya hana ni ba.

Wata bakwai na yi ina zuwa duk Asabar ɗin da na samu. Jinina ya sauka. Maiɗakina ta ce na daina yi wa cokali faɗa. Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan ba.

Amma dariyar bakin masallaci tana nan a raina. Sai na fara tura hotuna a zauren WhatsApp na ƙungiyarmu ta ɗalibai: ga ni a kan keke, ga kore har iya ganinka, ga teku. Ina so su ga cewa mai keken nan da suke yi wa tsiya ya san wurin da motocinsu ba su taɓa kai su ba. Sun kuwa gani. Wanda ya fi kowa gani shi ne shugaban ƙungiyar, wanda duk muke kira Ciyaman, mutum mai son a ce shi ya shirya.

Ana haka sai wani babban farfesa daga gida ya zo taro. Da yawanmu ya koyar da mu, shi ya sa hannu a takardun tahowar wasunmu. Baƙo irin wannan ba a barinsa a otal, dole a fita da shi, a ciyar da shi, a ɗauki hoto a tura gida a ga an yi abin kai. Ciyaman ya kira ni.

"Malam, wannan wurin naka na green green ɗin nan, can za mu kai Prof ranar Saturday. Ya gaji da ganin shopping mall."

Na ce to, amma fa mota ba ta shiga. A ajiye motoci a bakin surau, akwai wani kedai, wato shago, a nan da ke ba da hayar kekuna.

"Boleh, boleh, no problem lah. Kai ne guide."

Kalmar nan ta ƙarshe ce ta kama ni. Na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba.

Mu goma sha ɗaya muka raka shi, a motoci uku, daga Pantai Dalam da Wangsa Maju da Bukit Jalil. Farfesa ya sauko cikin farar shadda da hula, dattijo ne mai fara'a. Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne, shi bai nemi mota ba. Da mai kedai ya fito da kekuna, shi ya fara kama ɗaya, ya latsa birki, ya ce ai da keke ya fara zuwa aikin koyarwa, bari ya ga ko ƙafa ta tuna. Har ya tattare gaban rigarsa. Sai Ciyaman ya yi wuf ya riƙe kan keken.

"Haba ranka ya daɗe! Muna raye? A ce Prof a kan keke, hoto ya je gida? Wallahi ba za mu iya wannan embarrassment ɗin ba."

Sauran suka amsa kamar an biya musu karatu. Wannan ya ce rana, wancan ya ce gwiwa, wani ya ce in ya faɗi me za a gaya wa iyalinsa. Dattijo ya duba fuskoki ya ga duk girmama shi ake yi, ya saki keken. Mun iya wannan, mu ɗaure mutum tamau da ladabi har ya kasa yin abin da ransa ke so.

Na ce to in haka ne, Farfesa ya zauna a inuwar surau da mutum biyu, mu mu je mu dawo, ko kuma a zaga da shi ta babban titi mu haɗu a bakin teku. Na nuna wa Ciyaman turakun nan biyu, na dafa ɗaya da hannuna, na ce ka ga wannan, ba ado ba ne. Na gaya masa maganar jinga, na gaya masa maganar tsohon. Yana gyaɗa kai yana duba wayarsa. Ya ce mu yi gaba, shi zai san yadda zai yi. Ni kuwa da gaggawar in nuna gwaninta, na ɗauka na ci gardama, na ja mutum bakwai muka wuce.

Mun kusa ƙarshen kwalta, ina nuna wa wani yadda ake buɗe wa gona ruwa, sai na ji hon a bayanmu. Wata bakwai ban taɓa jin wannan sautin a wurin nan ba. Na waiga. Motar Ciyaman ce, mai kujeru bakwai ɗin nan, tana tahowa a kan hanyar da ba ta kai faɗinta ba, taya biyu a kwalta, biyu a ciyawa. Daga baya na ji yadda aka yi: mutum biyu suka rungumi turke ɗaya suka girgiza shi har ya tsige, suka kwantar da shi a gefe, kamar yadda ake janye ƙaya a bakin gona a gida idan motar babban mutum za ta wuce.

Na yar da keken na ruga ina ɗaga hannu biyu. Ciyaman ya zuge gilashi yana murmushi.

"Ka gani? Ta shiga lah! Kai ne dai kake da tsoro."

Na ce ya tsaya, don Allah ya tsaya, gaba ƙasa ce ba kwalta ba. Ya ce ai ya shiga da mota gonar da ta fi wannan muni a garinsu. Na ce wancan da rani ne bayan an girbe dawa, nan ruwa ne a kwance! Ya ce babu wurin juyawa, dole sai gaba, zai juya a gidan can. Ya ɗaga gilashi ya ba ta wuta. Na bi shi da gudu ina dukan bayan motar da tafin hannu.

Bai yi tsawon mota uku a kan jingar ba gefen hagu ya zabtare. Motar ta karkata a hankali, ta zauna da cikinta. Sai ruwan gonar ya samu ƙofa. Na tsaya ina kallon ruwan da tsoho ya tara, da takin da ya zuba a satin, suna kwarara ta ƙarƙashin motar zuwa magudanar waje, suna kwantar da ƙananan shuke-shuke suna tafiya da wasu. Wanda bai taɓa noman shinkafa ba zai ga laka ce kawai ta motsa. Ni na san abin da nake kallo, Ciyaman ma ya sani, don shi ma ba daga sama ya faɗo ba, ɗan manomi ne kamar ni.

Aka fito da Farfesa ta ƙofar dama, shaddarsa ta sha taɓo har gwiwa, yana ta salati. Mutum huɗu suka rufu a kansa suna goge masa takalmi. Ko ɗaya bai dubi ɓarakar ba. Wani ma har ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo yana cewa, "Adventure, wallahi adventure!"

Pak Cik ya taho daga bayan gidansa, ba da gudu ba. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi ruwan, sannan ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan tawa. A nan ya tsaya. Na so ƙasa ta tsage. Ciyaman ya matso yana miƙa hannu da fara'ar nan tasa ta taro.

"Sorry uncle, sorry. Small problem saja. We are students."

Ɗalibai! Mutum mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu. Tsohon ya karɓi hannun don shi mai tarbiyya ne, ya juya ya tafi kiran mai tarakta.

Sai bayan azahar aka ja motar da baya har bakin surau. Suka wanke ƙafafu a famfon alwala, suka ce rana ta yi, Prof bai ci abinci ba, za a tsaya a gidan abincin da suke ce wa mamak a hanya. Na ce ni ba inda za ni. Na ari fartanya, ni da tsohon da maƙwabtansa biyu muka shiga taɓo muna cike ɓarakar da buhunan ƙasa har la'asar. Ba wanda ya yi mini magana mai zafi. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Da muka gama tsohon ya zuba mini ruwa na wanke hannu, ya ce in yi sauri kada bas ta ƙarshe ta wuce ni.

Kafin in iso Pantai Dalam zauren ƙungiya ya cika da hotuna. Ga Farfesa da sabon wando yana cin gurasar roti, ga Ciyaman yana jawabi, ga addu'o'in Allah ya ƙara zumunci. Na zauna a kujerar bas da taɓo a farce na rubuta abin da ke raina, ban rage komai ba. Na ce mun shiga gonar mutum mun yi ɓarna mun tafi cin abinci. Na ce a tashi mutum biyar mu koma mu ba da haƙuri yadda ya kamata, da dattijonmu a gaba. Minti biyar ba a yi ba aka goge saƙon. Sai kira ya fara shigowa. Malam ka yi haƙuri. Malam kada ka kunyata Prof. Malam ai tsautsayi ne, kuma ba wanda ya ji rauni. Wani ya ce mini, "Kai ma fa kana da temper, shinkafa ce fa, za ta sake fitowa." Ni aka taru ana ba haƙuri, ni da ba gonata ba. Wanda aka yi wa ɓarnar ko sunansa ba wanda ya tambaya.

Farfesa, Allah ya saka masa, ya kira ni washegari ya ce yana so a mai da shi ya ga mai gonar. Amma Ciyaman ya riga ya cika masa kwanakin da ziyarce-ziyarce, ya kuma tabbatar masa cewa an daidaita komai. Ranar Talata aka raka shi filin jirgi da motoci biyar. Da na nemi masu raka ni ƙauye kuwa, kowa yana da ganawa da supervisor. Ban taɓa sanin malaman jami'ar nan suna aiki ranar Asabar haka ba.

Ni ma sai da na yi wata guda ban koma ba. Ina cewa aiki ne, amma kunya ce. Ranar da na yi ta maza na je, tun daga nesa na hango turakun katako babu su. An kafa ƙofar ƙarfe mai kwaɗo, da allo a jiki an rubuta cewa hanyar ta mazauna ƙauye ce kawai. Na tsaya riƙe da kekena ina karanta layi ɗaya kamar wanda bai iya karatu ba.

Pak Cik yana zaune a dakalin surau. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyalina. Na tambayi gona. Ya ce ɓangaren nan ya yi rawaya, sai abin da Allah ya yi. Ya ce an yi taro, wannan karon bai ce komai ba, don ba shi da abin cewa. Babu fushi a muryarsa, bai kuma ce in shigo ba. Na ba shi haƙuri da duk kalmomin da na sani a yarensu, ba su fi biyar ba. Ya gyaɗa kai.

Muna nan sai ga wasu masu kekuna su shida, maza da mata, da hulunan kwano da jakunkuna a ɗaure a baya. Daga ganinsu sun yi nisan tafiya, kuma sun san hanyar. Suka yi cirko-cirko a bakin ƙofar. Wata dattijuwa a cikinsu ta karanta allon, ta cire gilashinta, ta ce shekara da shekaru tana bin hanyar nan da mijinta. Sai na gabansu ya ga keke a hannuna, ya ɗauka ni ma ɗan'uwansu ne da aka tare, ya matso yana share gumi.

"Brother, you know what happened ah? An ce wasu ne suka shigo da mota. Su waye haka?"

Wata guda ina zagin mutum goma a zuciyata saboda sun kasa tsayawa a gaban tsoho ɗaya su ce mu ne. Ga shi an tambaye ni, a gaban tsohon, taku uku tsakaninmu.

Na ce, "Tak tahu." Ban sani ba.

Mutumin ya girgiza kai ya koma wurin 'yan'uwansa, suka juya kekunansu suka nufi babban titi. Pak Cik ya ji ni sarai. Ya dube ni, sannan ya mai da idonsa ƙasa, kamar shi ne ya yi ƙaryar. Bai tona ni ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na yi masa sallama ban iya haɗa ido da shi ba, na naɗe keken, na ɗauke shi a hannu zuwa tashar bas.